Waɗanda Aka Kora Su Suka Buɗe Mana Ƙofa

Wata Asabar cikin watan Janairu na kai ƙaramar 'yata laburaren unguwarmu a nan Maryland don ta zaɓi littattafan da za ta karanta a makon. Sanyin ranar ba a cewa komai, irin wanda kunne ke zugi tun daga mota zuwa bakin ƙofa. Muna shiga ta nufi teburin da ta saba zama. A can ƙarshen teburin akwai wani dattijo, ya jibga rigunan sanyi sun kai uku, da jakunkunan leda biyu a gindin kujerarsa, yana duba jarida. Tun kafin in ƙarasa hancina ya gaya mini mutumin ya kwana biyu bai yi wanka ba. Ban san lokacin da na kama hannun yarinyar na ja ta wani teburin ba.

Da muka shiga mota ta ce, "Baba, me ya sa muka tashi? Wani abu ya yi?" Na ce bai yi komai ba. Ta ce, "To don me?" Na kunna rediyo.

Daren nan barci ya ƙi zuwa, don na tuna hunturuna na farko a ƙasar nan. Wani bawan Allah ne ya sauke ni a ɗakinsa, shi kuma aikin dare yake yi, da rana yana bukatar barci. Saboda haka da safe nake ficewa. Ba aiki, ba kuɗin shiga kantin shan gahawa, masallaci kuma da nisa. Laburare nake zuwa, tun a buɗe har a tashi. A nan na rubuta takardar neman aikina ta farko, a nan na buɗe adireshin imel, a nan kuma nake gyangyaɗi da littafi a buɗe a gabana don kada a gane. Ba wanda ya taɓa tambayata takardar zama ƙasa. Rigar sanyina ɗaya ce tak. In aka bi ta gaskiya, abin da ya raba ni da dattijon nan a lokacin shi ne ni ina da inda zan watsa ruwa.

Wannan kunyar ce ta sa na shiga bin tarihin laburarorin wannan yanki. Abin da na tarar shi ne ƙofar da muka samu a buɗe ba haka nan ta buɗe kanta ba. Mutanen da aka taɓa kora daga bakinta ne suka yi ta turawa, kowa a zamaninsa.

Majalisar dokokin Amurka ce ta kafa laburaren jama'a na birnin Washington a 1896. Ya fara aiki a wani gida da ke titin New York Avenue a 1898, kafin attajirin ƙarfen nan Andrew Carnegie ya ba da kuɗin ginin da ke dandalin Mount Vernon Square. An buɗe ginin ranar 7 ga Janairun 1903, shugaban ƙasa Theodore Roosevelt na wurin. Abin lura, tun daga ranar farko baƙi da farare suna shiga su zauna a ɗaki ɗaya. Ka tuna wane gari ake magana. A Washington ɗin nan sai a 1953 kotun ƙoli ta tilasta wa gidajen abinci su sayar wa baƙar fata, bayan gwagwarmayar dattijuwa Mary Church Terrell, makarantu kuwa sai a 1954 aka haɗe su. Wato shekara hamsin cur baƙar fata na iya zama kusa da Bature ya karanta littafi a wannan gini, amma in ya fito zai iya rasa inda za a sayar masa da shayi a tsallaken titi. Yau in ka je wurin, kantin Apple za ka tarar a ƙasa, da cibiyar tarihin birnin a ciki.

Amma da ka haye kogin Potomac ka shiga Virginia, labari ya sha bamban. A 1937 birnin Alexandria ya buɗe laburare a titin Queen Street. Harajin kowa ke tafiyar da shi, farare kaɗai ke shiga. A garin akwai wani matashin lauya, Samuel Wilbert Tucker. Shi kansa ya san zafin abin, don da ya isa shiga sakandare babu ta baƙar fata a Alexandria, sai da ya riƙa hawa jirgin titi zuwa Washington kullum. Ya gama jami'ar Howard a 1933, ya karanci shari'a a hannun wani lauya, ya ci jarrabawar lauyoyi yana ɗan shekara 20.

Ranar 21 ga Agustan 1939 Tucker, yana da shekara 26, ya tura samari biyar laburaren: ƙaninsa Otto Tucker, da William Evans, da Edward Gaddis, da Morris Murray, da Clarence Strange. Sun ci ado, kowa tsaf-tsaf. Ɗaya bayan ɗaya suka shiga, kowa ya nemi katin aron littafi cikin ladabi, aka hana shi, ya ɗauki littafi a kanta, ya samu teburi shi kaɗai ya zauna yana karatu. Ba su yi wa juna magana ba. Wani yaro ɗan shekara 14, Bobby Strange, yana waje yana leƙe. Da ya ga an kira 'yan sanda ya ruga ofishin Tucker, shi kuma ya riga ya shirya mai ɗaukar hoto. Aka fito da su a gaban taron jama'a, aka tuhume su da ta da hankalin jama'a.

A kotu Tucker ya sa 'yan sandan suka amsa da bakinsu cewa samarin ba su yi hayaniya ba, ba su lalata komai ba, shigarsu ta mutunci ce. To ina ta da hankalin? Abin da ya rage launin fata ne kawai, kuma dama abin da yake so kowa ya gani ke nan. Alƙali ya yi ta ɗage shari'ar, bai taɓa yanke hukunci ba. Masu gari kuwa suka yi sauri suka gina wani ɗan ƙaramin laburare na baƙar fata, Robert Robinson Library, aka buɗe shi a 1940, aka zuba masa littattafan da yawancinsu tsofaffi ne. Aka aika wa Tucker ya zo ya karɓi katin wannan wuri, ya rubuta musu wasiƙa ya ce bai karɓa ba, abin da ya nema daban, wannan kuwa cin fuska ne. Sai a 1962 aka gama buɗe laburaren Queen Street ga kowa, babba da yaro. Tuhumar da aka yi wa samarin biyar kuwa ta zauna a takarda shekara 80, sai a Oktoban 2019 kotu ta soke ta, bayan dukkansu sun riga mu gidan gaskiya. Ginin Robinson yanzu gidan tarihin baƙar fata ne na Alexandria, kuma ya cancanci a kai yara.

Shekarar 1939 ɗin nan ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A watan Janairunta aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam na edita. Lokacin da kakanninmu ke taruwa a zaure mutum ɗaya yana karanta wa goma jarida, a nan ana kama jikokin bayi saboda sun zauna da littafi a hannu.

Akwai wani labarin da nake so ƙwarai, daga Purcellville a gundumar Loudoun, can gaba da filin jirgin Dulles inda yawancinmu muka fara sauka. Samuel Murray da matarsa Josie masu sana'ar ɗinkin labule da gyaran kujeru ne. Wata rana aka ba su aikin wani irin labule na musamman, mai aikin kuwa 'yar'uwar Mamie Eisenhower ce, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin. Suka je laburaren garin neman littafin da ke nuna yadda ake ɗinkin, aka ce baƙar fata ba ya aro a nan. Suka ɗauki lauya. Da hukumar wurin ta ga ƙara na tafe, ga kuma barazanar rasa kuɗin gwamnati, a 1957 aka buɗe laburaren ga kowa. Su ba 'yan siyasa ba ne. Masu sana'a ne da ke neman abin da zai taimaka musu su ci abinci, kamar yadda ni ma na je neman yadda ake rubuta takardar neman aiki.

Daga nan launin fata ya fita daga doka. Amma korar mutane ba ta ƙare ba, sai ta sake suna.

A 1972 babban laburaren Washington ya koma sabon gini a lamba 901 titin G Street, baƙin ƙarfe da gilashi, zanen Mies van der Rohe, aka sa masa sunan Martin Luther King. A shekarun da suka biyo baya garin ya cika da masu kwanan titi, kuma dalilan a fili suke. Asibitin masu taɓin hankali na St. Elizabeths ya taɓa ɗaukar majinyata sama da 7,000. Aka yi ta sallamarsu da alkawarin za a kula da su a cikin unguwanni, kulawar ba ta zo yadda aka ce ba. An rushe tsofaffin gidajen haya masu arha na tsakiyar gari aka gina ofisoshi. Kuɗin haya ya yi ta hawa. Ga shi kuma gidajen kwana na marasa matsuguni da yawa sukan fitar da mutane da sassafe, sai yamma a dawo. To mutum ya yi ina da wunin? Wuri ɗaya ne a gari mai ɗumi, mai banɗaki, mai kujera, wanda ba a cewa sai ka sayi wani abu. Har motocin da ke kwaso mutane daga gidajen kwana sukan sauke su kusa da ƙofar laburaren.

Hukumar laburare tana da wata ƙa'ida da ta ba masu gadi damar hana duk wanda shigarsa ba ta yi musu ba: mai datti, mai warin jiki, da makamantansu. A watan Fabrairun 1993 wani mutum mai suna Richard Armstrong, wanda ke kwana a gidan marasa matsuguni, ya zo zai shiga da rigunan sanyi a jibge. Mai gadi ya tare shi ya ce sai ya je ya gyara jikinsa. Ya kai ƙara. Shekara takwas bayan faruwar abin, a 2001 alƙali Emmet Sullivan na kotun tarayya ya soke ƙa'idar. Hujjarsa ita ce samun ilimi haƙƙi ne da tsarin mulki ya kare, kuma ƙa'idar ba ta da ma'auni: abin da wannan mai gadi ya ga datti ne, wancan zai ga ba komai, don haka shigar mutum ta koma ga ra'ayin wanda ke bakin ƙofa ranar.

Ka haɗa labaran nan biyu ka gani. Samarin 1939 sun sa mafi kyawun kayansu don kada a samu abin fakewa. Bayan shekara 54, a laburaren da ke ɗauke da sunan Martin Luther King, kayan jiki ne suka zama abin fakewar. Wanda ba shi da kwat ɗin da zai sa fa?

Ba ina cewa abin mai sauƙi ba ne, kuma wanda ya ce wari ba ya damun mutane ƙarya yake. Akwai masu ciwon ƙwaƙwalwa da ke magana su kaɗai da ƙarfi, akwai masu shaye-shaye, akwai ma'aikatan da suka karanci harkar littafi suka wayi gari suna kiran motar asibiti. Uwar da ta ce tana tsoron barin ɗanta ya shiga banɗaki shi kaɗai ba muguwa ba ce. Kotuna ma sun san da haka. A 1992, a shari'ar wani mai kwanan titi, Richard Kreimer, da laburaren Morristown a jihar New Jersey, kotun ɗaukaka ƙara ta ce yana da haƙƙin shiga, amma laburare ma yana da haƙƙin kafa ƙa'idar da za ta hana a takura wa sauran masu karatu. Darasin da aka ɗauka daga shari'o'in biyu shi ne a duba abin da mutum ya aikata, a daina duba kamanninsa tun daga nesa.

Daga baya aka gane mai gadi ba zai magance rashin gida ba. San Francisco ce ta fara ɗaukar cikakkiyar jami'ar jin daɗin jama'a a laburare a 2009, Leah Esguerra. Washington ta bi sahu a 2014 da Jean Badalamenti. Daga nan aka ɗauki wasu ma'aikata waɗanda su kansu sun taɓa kwana a titi ko sun yi fama da shaye-shaye sun warke. Aikinsu su zagaya cikin rassa, su zauna da mutum, su taimaka masa ya nemi katin shaida da takardar haihuwa, ko gadon kwana, ko asibiti. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ji Hausawa. Wanda ya taɓa kwana a tashar bas ya fi kowa sanin yadda ake buɗe magana da mai kwana a can. Da aka rufe babban laburaren a Maris ɗin 2017 don gyara, babbar tambayar da ta taso ita ce ina waɗannan mutane za su wuni. A 2019 aka buɗe wata cibiyar wuni a ƙasan cocin New York Avenue Presbyterian, mai wurin wanka da wanki. Laburaren ya sake buɗewa a Satumban 2020, bayan aikin da ya ci dala miliyan 211.

Akwai kuma korar da ba ta da mai gadi, ita ce tara. Da can in ka makara wajen mayar da littafi ana lissafa maka kuɗi kullum, in ya taru a toshe katinka. Mai hali zai biya ya manta. Uwar da ke aiki biyu, wadda yaranta uku suka aro littafi goma-goma aka manta da su a mota, sai ta daina zuwa gaba ɗaya, ta hana yaran ma. Na san gidaje a cikinmu da hakan ta faru, har wasu na tsoron kada bashin laburare ya shafi takardunsu. A Janairun 2019 ƙungiyar laburarori ta Amurka ta zartar da cewa tarar kuɗi wani nau'i ne na rashin adalci ga talaka. A 2020 Washington da gundumar Prince George's suka soke tarar makara, Montgomery ta biyo baya a 2021. In tsoron tara ne ya hana ka komawa, ka kwashi littattafan ka mayar.

Sai shingen harshe, wanda ya fi shafarmu. Dokar birnin Washington ta 2004 ta wajabta wa hukumomi su yi wa mutum hidima da harshen da yake ji. Harsunan da aka fi fassara takardu da su shida ne: Sifaniyanci, Amharik, Sinanci, Faransanci, Koriyanci da Biyetnamanci. 'Yan'uwanmu na Nijar sun samu Faransanci. Hausa ba ta ciki, amma kana da ikon neman tafinta ta waya. Habashawa ba da kyauta aka sa harshensu ba. Suna da yawa, kuma suna zuwa suna tambaya. Mu fa? Laburarori suna da takardar da mai kati ke cikewa ya ce a sayo littafi kaza. Mu nawa muka taɓa cikewa muka ce a kawo Magana Jari Ce ko wani littafin yara na Hausa? In ba a gan mu a lissafi ba, ba za a saye mana komai ba.

Ga wanda bai sani ba: katin kyauta ne. Mazaunin Montgomery ko Prince George's ko Arlington ko Fairfax ko Alexandria na iya karɓar katin Washington. Akwai azuzuwan Turanci na manya, da shirin jarrabawar zama ɗan ƙasa, da kwamfuta da intanet, da sashen makafi da kurame a babban laburaren. Tun 2016 duk yaron da ke zaune a Washington wanda bai kai shekara 5 ba ana iya yi masa rajista a riƙa aiko masa littafi kyauta kowane wata har gida. Iyayenmu mata da muke kawowa renon jikoki, su wuni a ɗaki da talabijin da ba sa jin abin da take cewa, su ma akwai kujerarsu a can.

In ka samu lokaci kuma ka tambayi labarin Yarrow Mamout a reshen Georgetown. Bafulatani ne Musulmi, mai karatu da rubutu da Larabci, aka kawo shi Annapolis cikin bayi a 1752. Ya yi shekara 44 a bauta, ya samu 'yanci a 1796, ya sayi gida a Georgetown, ya rasu a 1823. Zanen hotonsa da James Alexander Simpson ya yi a 1822 mallakar ɗakin Peabody ne na wannan reshe. Namu ya daɗe da zuwa garin nan, kuma shi ma ta ƙofar baya ya shigo.

Abin ya sa ni tunanin gida. Mu mutanen littafi ne tun kafin zuwan Bature, amma littafi a wurinmu kayan malami ne, yana cikin gafaka ko adaka, ana ba da aronsa ga wanda aka sani. Ko da En'e ta buɗe ɗakunan karatu a garuruwa, 'yan boko da ma'aikata ne suka fi shiga. Yau ka ɗauki kowane babban laburare a Arewa, ka tambayi kanka: almajiri ɗan shekara goma, ba takalmi, da robarsa a hannu, zai wuce get? Gurgu mai keken hannu zai hau matakalar? Matar aure da ba ta yi boko ba za ta ji wurin nata ne? Ni da nake jin haushin abin da aka yi wa samarin Alexandria, na sha wuce yaran nan a bakin irin waɗannan gine-gine ban taɓa tunanin ciki ya kamata su kasance ba. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Mu da muka zo muka tarar da ƙofa a buɗe, saurin mantuwa gare mu. Da mun samu aiki da mota da gida a bayan gari, sai mu shiga sahun masu cewa a yi maganin "waɗannan mutanen". Amma ƙa'idar da ta hana a tambaye ni takardar zama ƙasa a hunturuna na farko ita ce ta hana a kori dattijon nan. Duk ranar da aka mayar wa mai gadi ikon zaɓen wanda ya dace, ba ni da tabbacin mai doguwar riga da hula, ko mai hijabi da Turanci guntu-guntu, zai tsallake.

Asabar ɗin da ta biyo baya muka koma, ba mu gan shi ba. Ta gaba ma haka. Sai cikin Fabrairu muka tarar da shi a kujerar nan tasa. Na ce wa yarinyar ta zauna inda ta saba, ni ma na ja kujera. Na gaishe shi, ya ɗaga kai kaɗan ya koma kan jaridarsa. Warin na nan yadda yake. Muka yi kamar minti arba'in, ta gama zaɓen littattafanta, muka tashi. A mota ba ta tambaye ni komai ba.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba marasa matsuguni mafita, Ya sa kada mu manta inda muka fito.